Ranar da Afiniki Ta Ƙi Fas-Kilas

Duk wanda ya zauna Kafanchan a shekarun nan ya ce bai san Afiniki ba, to ko dai kurma ne, ko kuwa cikin rijiya ya yi zamansa. Ba sai ka gan ta ba. In ta gai da mutum a bakin tasha, mutanen Kagoro kan amsa. Mu taubasanta, 'ya'yan kawunta, muna da shaida cewa ranar da aka haife ta a Fadan Kagoma, ungozoma ba ta gama yanke cibiya ba jaririya ta soma ba ta labari. Uwarta takan musa wannan magana, amma ba da ƙarfi ba.

Babanta ya rasu tana ƙarama. Abu biyu ya bar mata: gonar citta a gindin dutse, da bakin nan, don shi ma a zamaninsa ba a gama taro sai ya gaji. Kawunta Bartholomew, wan uwarta, wato tsohonmu, shi ya ɗauko ta ya kawo ta Kafanchan ya sa ta makaranta. Kawu mai duba tikiti ne a jirgin ƙasa tun jirgi na cin gawayi, har ya yi ritaya. Jikinsa ne kawai ya yi ritayar. A wurinsa duniya da abin da ke cikinta jirgi ne. Aure jirgi ne, ciwon baya jirgi ne, kuma in fasto ya yi wa'azi a kan hanyar zuwa sama, Kawu yakan tare shi a ƙofar coci ya tambaya ko akwai canji a hanya.

A 1987, Afiniki tana kwalejin horon malamai, gari ya rikice aka rufe makarantu. Uwarta ta tsorata, ta tura ta Garwa ta ƙasar Kamaru wurin Anti Edna, ƙanwar babanta da ke auren wani direban babbar mota, wai ta sha iska kafin ƙura ta lafa. Ƙura ta lafa, makaranta ta buɗe, 'yan ajinta suka gama, wasu har suka yi aure suka yi goyo, Afiniki tana can tana shan iska. A shagon Anti take wuni, tana sayar da sukari da kifin gwangwani da wani burodi dogo mai tauri wanda za ka iya korar kare da shi. Ranar Lahadi tana cikin mawaƙan coci. Da yake Allah bai yi ta da zama shiru ba, ko harshen aljanu ake yi a garin da sai ta koya. Faransanci ya shige ta ta kunne ya fito ta baki, bai ko tsaya gai da hannu ba. Ta iya ciniki da shi, ta iya addu'a, ta iya faɗa da 'yan kwastan har su ba ta haƙuri. Abin da ba wanda ya taɓa yi shi ne ya zaunar da ita ya ce rubuta.

Da ta dawo ta ƙarasa kwaleji, ta samu koyarwa a firamare, ta auri Patrick mai gyaran babur. Wannan aure hikimar Ubangiji ce, don Patrick mutum ne da in ya ce maka ina kwana, to ya gama maganar wannan rana. Faransanci kuwa ya rasa aikin yi. Ba mai ji a unguwa. Sai ta koma yi wa awakinta, har ta kai in ka kore su da Hausa sai su tsaya suna kallonka kamar baƙauye. Yara suka sa mata Madam Bonjur, sunan ya bi ta har kasuwa. Tana dariya in an kira ta haka, amma a ranta abin yana mata ciwo kaɗan, kamar mai sabon zane a akwati da ba a taɓa gayyatarta biki ba.

Ana nan, wajen ƙarshen 1996, sai aka ji a rediyo gwamnati ta ce Faransanci ya zama harshen da za a riƙa koyarwa sosai a makarantu. Firinsifal-firinsifal suka bazama neman malamai kamar masu neman kananzir. Madam Selina, shugabar wata makarantar 'yan mata ta mishan a bayan gari, ta zo har gida ta samu Afiniki tana yi wa akuya faɗa. Ta tsaya ta saurara, ta ce gobe ta zo ta riƙe mata 'yan aji ɗaya, na wucin gadi.

Ranar da Afiniki ta shiga ajin nan ta gaishe su, yara suka amsa da baki ɗaya a karkace. Ta juya ta yi kamar tana goge allo don kada su ga daɗin da ta ji. Kafin Ista 'yan matan suna waƙa da Faransanci a hanyar rafi, suna zagin samari da shi, samari na godiya. Ba ta taɓa son wani aiki kamar wannan ba.

Sai dai makaranta tana da kwamiti, kwamiti kuma ba ya cin waƙa. Da damina ta kankama suka zauna suka ce bakin Madam Bonjur ba ya shiga fayil. Ta kawo takardar shaida ta Faransanci kafin a tafi hutun Kirsimeti, in ba haka ba a Janairu su ɗauko mai digiri, ita ta koma firamarenta. Madam Selina ta faɗa mata haka ba ɓoye-ɓoye: in ba takarda, ba aji.

Ta shirya ta tafi Jos, inda akwai cibiyar koyon Faransanci. Mai karɓar baƙi a wurin wani siririn mutumin Togo ne, Malam Eli, wanda ya daɗe a Jos har Hausa ta zauna masa. Ta buɗe masa baki da Faransanci. Mutumin ya ajiye biro, ya gyara zama, ya sha labarin Garwa tun daga farashin kifi har zuwa halin mijin Anti Edna. Da ya samu ta tsaya haɗiyar miyau, sai ya miƙa mata takarda ya ce ta rubuta masa kaɗan daga abin da ta faɗa.

Nan fa ido ya raina fata. Faransanci harshe ne mai ɓarnar tawada, a rubuta kalma doguwa kamar layin dogo a furta rabinta, Afiniki kuwa abin da kunne ya ji shi hannu ya zana. Malam Eli ya duba takardar ya juya ta, ko ta ƙasa za ta fi karantuwa. Ya ce mata, cikin ladabi, bakinta tirela ne amma hannunta keke ne, kuma keken ba iska.

Sannan ya jera mata jarrabawa uku. Akwai ta GCE da kowa ya sani, amma sakamakonta ba zai fito kafin Janairu ba, don haka a ajiye ta. Akwai wadda ake kira Delf, ita mataki-mataki ake hawanta, kowane mataki da shaidarsa, kuma matakan farko sun fi ba baki muhimmanci. In ta zauna da biro daga yanzu zuwa Nuwamba za ta haye, shaida ta zo kafin Kirsimeti. Sai babbar, Dalf, ta masu shirin shiga jami'a a ƙasar Faransa, wadda ko ƙofarta ba a shiga sai an ci wata jarrabawar share fage mai dogon rubutu. Duka biyun lokaci ɗaya ake yi, mutum ɗaya ba ya zama a ɗaki biyu. Wanda ya faɗi kuwa ba abin da zai riƙe sai baɗi. Ya ce ta je ta yi tunani, ta dawo rajista a ƙarshen Satumba.

Ba ta buƙaci tunani ba. Kafin mota ta gama gangara hawan Kibo ta riga ta zaɓi ƙaramar. Abin da ya rage shi ne lokacin zama da biro, ga shi Agusta ta shigo, ciyawa ta rufe gonar cittarta a Kagoma. Citta kuwa ba a sa mata fartanya, da hannu ake cire mata ciyawa ɗaya bayan ɗaya, mutum a duƙe har ya manta yadda ake miƙewa. Ita kaɗai sai ta kai Nuwamba a duƙe. Don haka ta nufi wurin Kawu ta durƙusa ta roƙe shi ya kira mata gayya, dangi da 'yan coci su taru su cire mata ciyawar rana ɗaya.

Kawu ya ce gayya ba wuya, amma ba a tara mutane sai da dalili, mece ce wannan jarrabawa? Ta ce iri uku ce. Kawu ya ɗaga hannu, fuskarsa ta yi haske. Ai ya gane. Ba sai ta wahalar da kanta ba, shi da ya yi rayuwarsa a cikin abin. Tad-kilas, sakan-kilas, fas-kilas. Jirgi ɗaya ne, direba ɗaya, tasha ɗaya za a sauka, bambancin kawai wani a kan katako yake zaune da kaji a cinyarsa, wani a kan katifa ana kawo masa shayi. Wacce ce ta sama?

Ta ce Dalf, amma Kawu, ba haka abin yake ba.

Ya ce haka duk fasinja ke cewa. Tsoron fas-kilas ciwo ne na talaka, ya gan shi shekara da shekaru: mutum da tikitinsa mai kyau a hannu amma ya raɓe a bakin ƙofa yana jin kunyar kujera. Ɗiyar da ya raina da hannunsa ba za ta zauna a katako ba yana da rai. Afiniki, wadda ta taɓa sa ɗan kwastan kuka, ta bar shi ya yi ta zuba. A duniya akwai mutum ɗaya da ba ta iya katse wa magana, shi ne wannan tsoho da ya saya mata takalminta na farko. Ta ce a ranta bari a gama gayya, ta lallaɓa shi a hankali.

Ba ta san Kawu ba zai jira ba. Ranar Lahadi, lokacin sanarwa, ya miƙe a coci ya shaida wa ikilisiya cewa 'yarsu Afiniki za ta zauna jarrabawar Faransanci mafi girma a duniya, wadda ko a Faransa sai an tace, saboda haka ranar Asabar kowa ya fito gona. Aka yi tafi har ƙadangaru suka zubo daga rufi.

Gayyar da aka yi ba a taɓa irinta ba a gindin dutsen nan. Matan zumunta suka zo da ɗaurin zane iri ɗaya, matasa suka zo a kan babura uku-uku, har tsofaffin da aka daina lissafawa a cikin masu tafiya suka fito da sanduna. Malam Jamiluddeen, mai sayen citta wanda kakanninsa suka kafa rumfa a kasuwar Kafanchan, ya aiko da goro da yaran shagonsa, ya ce shi ma a sa shi a lada, gobe in ta zama jakadiya ta tuna da shi. Aka jeru a duƙe ana cira ana waƙa. Matan suka ƙaga wata sabuwa a nan take, wai Afiniki ta hau fas-kilas, wanda bai cire ciyawa ba kada ya zo rakiya. Kafin rana ta karkata gona ta yi fes, ko ƙwayar ciyawa ɗaya in ka samu sai a ba ka tukuici.

Aka zauna cin faten acca da kunu, da wani abu a tulu da aka ajiye bayan rumbu saboda idon fasto. A al'ada, mai gona yakan tashi ya yi godiya ya faɗa wa mutane abin da guminsu ya saya masa. Afiniki ta miƙe, ta ce yau za ta faɗi gaskiya ko ta halin ƙaƙa. Ta dubi hannuwan mutane duk laka, ta dubi wata tsohuwa da ta tako tun daga Godogodo riƙe da kaza, wai a yanka mata ranar jarrabawar manya. Abin da ya fito daga bakin nan mai cika tasha shi ne: Ubangiji ya saka. Ta zauna. Kawu ya tashi ya ƙarasa mata jawabin, ya ƙara gishiri.

Daga ranar ta shiga uku. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ita kuwa ta ci ladan Kagoma gaba ɗaya. In ta bi ta kasuwa sai a ce Fas-Kilas, yaya karatu? Mai nama yana ƙara mata tsoka. In ta dawo daga makaranta sai ta baje littattafai a tabarma tana kwafar jimloli kamar 'yar aji ɗaya, hannun yana warwarewa a hankali, har ta soma rubuta wasiƙar gaisuwa ba tare da ta ji kunya ba. Wata rana ta ce bari ta gwada irin tambayar babbar da Malam Eli ya kwatanta mata, wai a yi sharhi mai tsawo a kan tasirin talabijin ga tarbiyyar matasan Turai. Ita da ko a unguwarsu talabijin ɗin sai an haɗa da batirin mota. Ta ci gindin biro har ya zama tsinke. Abin da ta rubuta bai kai a naɗe ƙosai da shi ba.

Ta kwashe duka ta juye wa Patrick yana kwance ƙarƙashin wani babur. Ta ce in ta zaɓi ƙaramar, ta kunyata Kawu a gaban ikilisiya, ta mai da gumin mutane wasa. In ta zaɓi babbar, ta faɗi, Janairu na zuwa wani ya shiga ajinta ya tsaya a gaban 'yan matanta. Ta yi ta magana har inuwa ta tashi daga wannan bango ta koma wancan. Patrick ya fito da kansa, ya goge hannu da tsumma.

"Maman yara, aji kike so ko kirari?"

Ya mai da kansa ƙarƙashin babur. Maganar da zai yi a wata guda ke nan ya kashe a zama ɗaya.

Ta yanke shawara za ta sulale Jos ita kaɗai ranar rajista, ta rubuta sunanta a ƙaramar, in ya so bayan ta ci sai ta san yadda za ta yi da Kawu. Da safe ta fito da jakarta tana sanɗa, sai ta tarar da bas a ƙofar gida, injin na ruri. Kawu na tsaye a gaba cikin tsohon yunifom ɗinsa na jirgi, an goge shi har yana iya tsayuwa ba mutum a ciki, da hula, da usur a wuya. A cikin bas matan zumunta ne maƙil, da shugabarsu Mama Dinah, da kuloli, da ganga. Kawu ya ce ba a yankar tikitin fas-kilas a ɓoye kamar kayan sata. Aka sa ta a kujerar gaba. Tun daga Kafanchan har Jos ana waƙar nan ta gona, Afiniki na murmushi irin na wanda ƙaya ta soke shi a gaban surukai.

Malam Eli ya ɗago kai ya ga ofishinsa ya cika da zane iri ɗaya. Kafin ya ce wani abu Kawu ya matso ya sara masa, ya gabatar da kansa da duk tashoshin da ya yi aiki, sannan ya ce sun kawo 'yarsu, a yanka mata ta sama, fas-kilas, kuma in da hali a ba ta kusa da taga.

Malam Eli ya dubi tsoho, ya dubi mata, ya dubi Afiniki da ta zama kamar kazar da ruwa ya doka. Mutum ne mai hankali, nan take ya gane inda aka kwana. Sai ya juya harshe, ya tambaye ta da Faransanci, a hankali, yana murmushi kamar gaisuwa yake yi: wacce zai rubuta? Ya ce ta faɗa masa a nan tsakaninsu, ba wanda zai ji, takardun duk kamarsu ɗaya ga wanda bai iya karantawa ba.

Gaskiya ne kuwa. A ɗakin nan kaf, daga ita sai shi. Kalma ɗaya za ta furta, a koma gida da ganga, Kawu ya yi barci da daɗi, ita ta samu ajinta. Kalmar ta zo har bakin leɓenta. Sai ta hangi Kawu ta gefen ido, ya ƙame, ƙirji a gaba, yana gyaɗa kai yana bin Faransancin da bai ji ko ɗigo ba, don kawai daga bakin 'yarsa za a amsa. Ta ga in ta yi haka, harshen da take taƙama da shi ya zama abin rufe wa tsohon nan ido a gaban jama'a.

Ta ajiye jaka, ta durƙusa a kan simintin ofis, ta yi magana da Hausa yadda har direban bas a waje sai da ya ji.

"Kawu, ka yi mini gafara. Ƙaramar zan yi. Babbar ta fi ƙarfina, in na shiga faɗuwa zan yi, a ƙwace mini aji."

Ganga ta yi shiru. Mama Dinah ta ce Yesu, a hankali. Kawu ya tsaya kamar an ce masa an sayar da tashar Kafanchan.

"Faɗuwa kamar yaya? Ɗiyata, wa ya taɓa faɗuwa don ya zauna a katifa? Jirgin ai ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne, Baba," in ji Malam Eli. "Wannan dabam, wancan dabam. Wanda ya shiga babbar bai iya ba, sauke shi ake yi."

"A wace tasha?"

"Ba tasha. Inda ya gaza nan ake ajiye shi."

"Da tikitinsa a hannu?"

"Da tikitinsa a hannu, Baba."

"To a mai da shi sakan-kilas mana, in fas ɗin ta fi ƙarfinsa. Haka ake yi."

"Ba a mayarwa. Sai ya dawo baɗi ya sake yanka."

Kawu ya cire hula. Ya nemi kujera ya zauna, ya daɗe yana kallon Malam Eli kamar yau ya fara ganin mugu. Ya ce shi ya yi aiki da Turawa, ya yi da 'yan ƙasa, ya ga fasinja iri-iri, har mai shiga da akuya a cikin buhu yana cewa ƙaninsa ne ba shi da lafiya. Amma bai taɓa jin inda za a yanka wa mutum tikiti da hannu biyu, a ɗauke shi, sannan a jefar da shi a dokar daji ba. Ashe haka Faransawa ke tafiyar da harkarsu? Ya juya ga Afiniki, wadda har yanzu gwiwarta na ƙasa, ya tambaye ta shi wannan ƙaramin, ta tabbata yana kaiwa? Ta ce in Ubangiji ya yarda yana kaiwa tasha ta farko, daga nan a sake hawa wani. Ya ce me ya hana ta faɗa masa tun a gida? Ta ce ta gwada. Mama Dinah ta ce ai Baba, mai gwada katse ka sai ya zo da guzuri. Matan suka kwashe da dariya, har shi ma gefen bakinsa ya motsa.

Ya miƙe, ya mai da hula, ya fuskanci zumunta kamar zai ba da sanarwar tashin jirgi. Ya ce ya bincika da kansa, ya gano wannan layi ba shi da tabbas, saboda haka ya yanke hukunci 'yarsa ba za ta yi doguwar tafiya a kansa ba. Tasha-tasha za ta bi, ana dubawa. Wanda ke da ja ya zo ya same shi. Ya ce wa Malam Eli ya yanka ƙaramar, kuma ya rubuta da kyau. Sannan ya ce wa Afiniki ta tashi haka nan, siminti da sanyi.

A hanyar komawa matan ba su yar da waƙarsu ba, don waƙa mai daɗi ba a zubar da ita saboda gaskiya ta canza. Suka gyara mata baiti ɗaya kawai aka ci gaba. A Kagoma an yi 'yan gunaguni, wasu matasa suka ce da sun san ƙaramar ce da rabin gonar za su cire. Tsohuwar Godogodo ta aiko a tambaya ko ita ƙaramar ana cin kaza a kanta. Aka ce ana ci. Ta ce to shi ke nan.

A Nuwamba Afiniki ta zauna jarrabawa. A ɓangaren baki, an ce mai tambayar ya yi tambaya ɗaya ne tak, daga nan bai sake samun shiga ba har lokaci ya cika, ya fito yana neman ruwa. A ɓangaren rubutu kuwa ta haye, amma irin hayewar da in ka waiwaya sai ka ga dugaduganka a jiƙe. Shaida ta iso ana saura kaɗan Kirsimeti, citta na shanye a kan duwatsu, gari duk ƙamshi.

Ta kai wa Madam Selina, aka kira kwamiti. Shugabansu, wani Rabaran mai tabarau a kan hanci, ya juya takardar ya ga tambari, ya tambaye ta ko wannan ita ce babbar da aka yi ta sanarwa a coci-coci. Ta ce a'a, Rabaran, wannan matakan farko ne, akwai sauran hawa a gaba, kuma tana da niyyar hawa. Suka fitar da ita suka yi shawara, tana tsaye a baranda tana jin 'yan matanta a can cikin aji suna haddace kwanakin mako da ƙarfi, don su ma sun san abin da ake ciki.

Da aka kira ta, Rabaran ya ce kwamiti ya amince ta riƙe aji ɗaya da aji biyu, aiki na dindindin. Manyan azuzuwa za a nemo musu mai digiri, har ranar da ta kawo takarda ta gaba. Ya tambaya ko tana da abin cewa.

Madam Selina ta yi wuf ta ce a'a, Rabaran, ba ta da shi, a rufe da addu'a.